Wasan Shiga Riga: Yadda Za Ku Shirya Wasan Da Babu Ɗan Kallo a Ƙauyenku

Wata Asabar da yamma bayan an gama sussuka, a harabar wata makarantar firamare a ƙasar Ringim, na jingina da darbejiya ina kallon wani yaro ɗan shekara goma sha shida, wanda a aji ko "na'am" ɗinsa da ƙyar ake ji. Ranar an naɗa masa tsohon rawani, an ce shi ne dagaci. Matasa goma sha bakwai sun yi masa caa, wannan yana cewa a buɗe rumbu, wancan yana rantsuwa ba za a taɓa irin shuka ba. Babu wanda ya rubuta masa abin da zai faɗa. Can sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kowa ya zauna. Magajiya, ke za ki fara." Kuma aka zauna.

Irin wannan wasa Turawa ke kira larp, ni kuwa nakan ce masa wasan shiga riga. Kowa zai shiga rigar wani mutum na tsawon awa biyu ko uku, ya yi magana da bakinsa, ya yi tafiya irin tasa, ya yanke shawara a madadinsa. Abin da ya raba shi da wasan kwaikwayo na dandamali abu biyu ne: babu 'yan kallo, kuma babu rubutacciyar magana da za a haddace. Ko wanda ya tsara wasan bai san yadda zai ƙare ba.

A ƙasashen Turai da Amurka abin ya tsiro ne daga wasannin tebur irin su Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974. A 1977 wasu matasa a yankin Washinton suka kafa ƙungiyar wasa mai suna Dagorhir, suna gwabzawa da takubban soso. A 1982 aka buɗe wurin wasa mai suna Treasure Trap a wani katafaren gini mai kama da fadar sarakunan da, wanda ake kira Peckforton, a Ingila. Amma waɗanda suka zauna suka yi wa abin tunani mai zurfi su ne mutanen arewacin Turai. Tun 1997, da aka fara a birnin Oslo, suke taron shekara-shekara mai suna Knutepunkt, wato mahaɗa, yana zagayawa tsakanin Nowe da Suwidin da Denmak da Finlan. Yawancin dabarun da zan kawo daga wajensu na koya.

Sai dai duk wanda ya taso a karkarar Kano ko Jigawa ba zai ga baƙon abu a nan ba. A bikin kalankuwa samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, a yi ta shari'a da cin tara, kowa yana cikin wasan. A tashe yaro kan liƙa gemun auduga ya zama tsoho. A wasan gauta matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Iri muna da shi. Abin da ya rage mana shi ne gyaran gona, wato tsari.

Mataki na farko: ku nemi izini kafin ku nemi rawani

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sati biyu kafin wasa ku je wajen mai unguwa, daga nan ku wuce wajen liman, sannan iyayen duk wanda bai mallaki kansa ba. Kada ku aika yaro, ku je da ƙafarku.

Ranar da na je wajen limamin garinmu, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Malam, wannan shiga rigar wani da kake faɗa, ba dai hawan bori za ku koya wa yara ba?" Na ce, "Allah gafarta Malam, kowa yana cikin hayyacinsa. Kamar tashe ne, sai dai ba a yawo gida-gida, kuma da an kira salla za mu ajiye." Ya ce in kawo masa takardun ya gani. Na kai. Tambayar tasa tana kan hanya, kuma za a yi muku irinta, don haka ku cire duk abin da ya shafi bori da tsafi da kwaikwayon ibada daga wasanku. Wasannin Turawa cike suke da matsafa da dodanni, mu ba ma buƙatarsu.

Maganar 'yan mata ku yanke ta tun a wannan zama. A wasu garuruwan za a yarda a haɗu in akwai malama ko wata dattijuwa a wurin, kowane ɓangare da tabarmarsa, ba taɓa juna. A wasu garuruwan sai dai mata su yi nasu a cikin gida. Duka biyun suna aiki. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a bar su a baya gaba ɗaya.

Lokaci kuwa, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu ya fi, hannu ya saki daga gona. Ku kauce wa ranar kasuwa. A wajenmu Lahadi ta Gujungu ce, wanda ya sa wasa ranar shi da kujeru zai yi. Daga bayan la'asar zuwa magariba ya isa wasan farko, in dai an yi horo da safe ko jiya.

Mataki na biyu: ku samo abin da za a yi ja-in-ja a kansa

A nan yawancin masu farawa ke ɓata. Sukan zauna su rubuta labari mai farko da tsakiya da ƙarshe, sannan su yi ta fushi don 'yan wasa sun ƙi bin sa. Mai tsara wasan shiga riga ba labari yake rubutawa ba. Kulli yake ƙullawa, ya miƙa wa mutane su kwance yadda suka ga dama.

Kulli mai kyau yana da alama uku. Akwai abin da kowa yake so amma bai isa kowa ba. Akwai wa'adi. Sannan kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, babu mugu tsantsa.

Ga wanda muka fi yi. Gari ne na ƙirƙira a bakin kogi, shekarar da ruwa ya cinye gonaki. Abin da ya saura shi ne rumbun tsimi na gari, a lissafi dami arba'in na gero. In za a ciyar da kowa har damina, sittin ake buƙata. Sarkin noma yana so a ware goma na iri. Dillali ya zo da kuɗi a hannu yana son ashirin, kuma da kuɗin ne za a gyara rijiyar da ta rufta. Magajiya tana magana da yawun zawarawa da marayu. Ardo yana da nono da taki da zai bayar in an ba shi hatsi an kuma buɗe masa burtali. Akwai gidan da aka sa ranar bikin 'yarsu. Dagaci zai yanke hukunci kafin rana ta faɗi.

Na zaɓi wannan ne don bayan ambaliyar 2022 babu yaron da za a yi wa bayanin mene ne ruwa ya ci gona. Amma a kula da kyau. Kusancin nan wuta ne, yana dafa abinci yana kuma ƙona ɗaki. Ku ɗauki irin matsalar da aka sani, kada ku ɗauki rigimar da ke ci yanzu a garin. In akwai rikicin gona tsakanin gida biyu, ko an yi faɗa da makiyaya bara, ku nisanci wannan. Ku sa wa garin sunan da babu shi a ƙasarku, ku mayar da zamanin baya, lokacin da babu waya babu babur. Nisan nan shi ke ba mutum damar faɗin abin da ba zai iya faɗa da sunansa ba, kamar yadda ɗan tashe ke tsokanar dattijo a yi dariya, don kowa ya san gemun auduga ne ke magana.

Mataki na uku: rubuta riguna

Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wasan. Mutum goma sha biyu zuwa ashirin ya isa karon farko. Kowa zai sami kati ɗaya, rabin shafin littafin rubutu, ɗauke da abu huɗu: wane ne shi, me yake so yau, me yake ɓoyewa ko yake tsoro, da kuma alaƙarsa da mutum uku a cikin wasan. Ga ɗaya daga cikin namu, yadda yake:

"Kai ne Sarkin Noma. Shekara ashirin amanar rumbun gari tana hannunka. Ba ka so a taɓa irin shuka ko da za a kwana da yunwa. Da damina ka ɗebi dami uku ka kai wa ƙanwarka da mijinta ya rasu, ba ka gaya wa kowa ba, don haka abin da ke rumbu talatin da bakwai ne. Dillali ya gan ka. Dagaci amininka ne tun kuna makarantar allo. Magajiya tana nema wa ɗanta auren 'yarka."

Ku duba abin da katin nan ya yi. Bai ce masa ya yi ƙarya ko ya faɗi gaskiya ba. Ya sa shi a tsaka mai wuya, ya kuma ba shi mutum uku da dole ya nema da zarar an fara. A katin dillali an rubuta cewa ya ga Sarkin Noma da dami uku cikin dare, kuma shi kansa ana bin sa bashi a birni. A katin ƙanwar an rubuta cewa ta san hatsin da 'ya'yanta suka ci daga ina ya fito. Sirri ɗaya, mutum uku ke riƙe da bakinsa. Sirrin da mutum ɗaya kaɗai ya sani ya mutu, don ba zai taɓa fitowa ba.

Idan kun gama rubutawa, ku sami allo ko ku share ƙasa, ku rubuta sunayen duka a da'ira, ku ja layi tsakanin duk biyun da ke da alaƙa. Za ku ga wasu sun cika da layi, wasu layi ɗaya tal. Mai layi ɗaya shi ne zai zauna a gefe yana wasa da tsinke har a tashi. Ku ƙara masa: bashi, ko ƙawance, ko tsohuwar gaba, ko wasan taubasai. A 1999 wasu 'yan Nowe biyu, Eirik Fatland da Lars Wingård, suka fitar da wasu ƙa'idoji goma da suka kira Dogma 99. Ban yarda da dukansu ba, amma ɗaya na riƙe ta da hannu biyu: kada a rubuta wani mutum don kawai ya zama ɗan rakiyar labarin wani. Mai tallan ƙosai ma a ba ta burinta. Wataƙila ita ce dagaci ya ci bashinta, wataƙila ita ta san inda Ardo ya kwana.

Wanda bai iya karatun boko ba a rubuta masa da ajami, ko a ja shi gefe a karanta masa sau biyu, ko a tura masa saƙon murya ta WhatsApp in akwai waya a gidan. Kada rashin karatu ya hana kowa. Sau da yawa su ne suka fi iya magana a gaban fada.

Sai rabon riguna, kuma a nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin ciwonsa. Na ba wani yaro rigar mutumin da bashi ya yi wa katutu, ban bincika ba, ashe mahaifinsa yana cikin wannan hali kuma duk garin an sani. Ana tsakiyar wasa mai bin bashin ya ɗaga murya ya ce, "Ku dama gidanku ba a san ku da biya ba." Yaron ya cire hular wasa ya ajiye, ya fita. Sai da na je gidansu har sau biyu na ba shi haƙuri kafin ya dawo. Tun daga nan ba na ba kowa rigar da ta yi kama da rayuwarsa. Ɗan mai sarauta ya zama bara, mai shiru-shiru ya zama dagaci, ɗan manomi ya zama Ardo ya ji yadda ake ji in an toshe maka burtali. Kuma nakan tambayi kowa a keɓe, "Akwai abin da ba ka so a sa ka a ciki?"

Mataki na huɗu: dokoki kaɗan, kaya kaɗan

Dokar da ba za a iya riƙe ta a ka ba, ta yi yawa. Mu uku muke da su bayan na tsaro. Dami shi ne guntun karan dawa da aka ɗaure da kaba, kuma wanda ba ya hannunka ba naka ba ne. Kuɗi murafun kwalba ne. In biyu suka yi jayayyar da baki ba zai raba ba, misali wani zai ƙwace wani zai hana, ba a kokawa. Ɗaya ya ɓoye tsakuwa a hannu, ɗaya ya canka, wanda ya faɗi ya nuna a jikinsa cewa an fi ƙarfinsa. Wannan ba raini ba ne ga wasan. A Amurka, tsarin Mind's Eye Theatre da ya fito a 1993 da wasan hannu na dutse da takarda da almakashi yake raba faɗa, kuma dubban mutane sun yi shekaru suna wasa da shi.

Makami kuwa, ku bar shi. Na san samari za su roƙa. Kara yana tsone ido, kuma a halin tsaron da ake ciki, taron matasa riƙe da abin da ya yi kama da adda a bayan gari neman magana ne.

Sutura abu ɗaya ta isa kowa: rawani ga dagaci, malfa da sanda ga Ardo, tsohuwar jaka ga dillali, ƙwarya ga mai nono. A ara a gida a mayar. Rumbu kuwa kwando ne aka kifa a kan turmi.

Sai ku shata fili. Wani masani ɗan Holan, Johan Huizinga, ya rubuta tun 1938 cewa kowane wasa yana da da'irarsa, wadda a cikinta dokokin duniya ke dakatawa na wasa su hau. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin dambe ya san haka: naushin da za a kai ka gaban alƙali a kansa a kasuwa, a cikin fili kirari ake yi maka. Ku zagaye wurin da toka ko igiya. Ƙarƙashin darbejiya fada, bakin aji kasuwa, bayan aji ruga. Wanda ya tsallake toka ya koma kansa.

Mataki na biyar: birki

'Yan wasan Nowe suna da kalma biyu da kowa ya sani, kutt da brems, wato yanke da birki. Mu muka ɗauki ta biyun yadda take. Wanda ya ce "birki" yana nufin a ci gaba amma a sassauta, a rage murya, a ja da baya. Wanda ya ce "wasa ya tsaya", kowa ya tsaya cak har a ga abin da ya faru. Ba a tambayar mutum dalili, ba a yi masa dariya daga baya. Kuma ƙofa a buɗe take, mai son fita ya fita. Da yaron nan da na ba rigar mai bashi yana da kalmar birki a bakinsa, da wataƙila bai kai ga ajiye hula ba.

Ku yarda tun farko a kan abin da ba a taɓawa: zagin iyaye, aibata ƙabila, ambaton lalurar jikin mutum ta gaske, da taɓa jiki. Ku ajiye randa ko jarkar ruwa a wajen toka, da babba ɗaya wanda ba ya cikin wasa, aikinsa kawai ya sa ido.

Mataki na shida: horo kafin wasa

Kada ku raba kati ku ce a fara. Za a yi ta ƙyalƙyala dariya ana kallon juna. Ku ba horo awa guda. A fara da tafiya: kowa ya zagaya fili da tafiyar mutumin da ya zama, tsoho da tasa, dillali da tasa. Sai gaisuwa, kowa ya nemi mutum ukun da ke katinsa su gaisa yadda ya dace, su kuma ƙirƙiri abu ɗaya da ya taɓa haɗa su. Sannan a gwada birki da baki, kowa sai ya faɗa sau ɗaya, don kunyar faɗinsa ta fita.

Akwai darasi biyu da nake dagewa a kansu. Na farko, rawani ba ya yin sarki, jama'a ke yin sa. In dagaci ya shigo kowa ya ci gaba da surutu, wasa ya mutu. In aka zube aka ce "Ranka ya daɗe", ko yaron da ya fi kowa tsoro sai ka ga kafaɗarsa ta miƙe. Saboda haka aikin kowa ne ya ɗaga rigar ɗan'uwansa: a ji tsoron wanda aka ce jarumi ne, a nemi shawarar wadda aka ce mai hikima ce. Na biyu, faɗuwa ba asara ba ce. Mutanen arewacin Turai har suna da karin magana a kan yin wasa don a faɗi. Sarkin Noman da ya ɓoye sirrinsa har aka tashi bai ba kowa komai ba. Wanda ya bari asirinsa ya tonu a gaban fada, ya durƙusa yana neman gafarar amininsa, shi za a yi wata guda ana zancensa.

Za ku lura 'yan wasa iri-iri ne. Wani so yake ya ci, ya tara dami. Wani so yake a yi abin da za a ba da labari. Wani kuwa so yake kawai ya ji a ransa yadda mai rigar ke ji, ko da bai ce uffan ba. Wani ɗan Nowe, Petter Bøckman, ya fayyace waɗannan ukun a 2003. Babu na banza a cikinsu. Mai son ci a ba shi dillali, mai son labari a ba shi Magajiya ko maroƙi, mai zurfin ciki a ba shi ƙanwar Sarkin Noma.

Mataki na bakwai: ranar wasa

A buɗe da alama ɗaya da kowa zai ji, mu tsohon galma muke bugawa da ƙarfe. Daga nan mai tsarawa ya kama bakinsa. Minti goma na farko za su yi sanyi, za ka ji kamar ka shiga ka gyara. Kada ka shiga.

Masu Dogma 99 sun ce da zarar an fara, mai tsarawa ba shi da ikon sa hannu. Ga sababbin 'yan wasa ban bi su a nan ba. Nakan tanadi saƙo uku, in shiga da rigar ɗan aike. Bayan rabin awa: hakimi ya ce a ƙirga abin da ke rumbu a gaban jama'a. Wannan shi ke tona dami ukun nan. Bayan awa guda: mutum biyu daga garin maƙwabta, inda ruwa ya fi ɓarna, sun iso suna roƙon taimako. Saura kwata a tashi: dillali zai ɗaure jakunansa, in za a sayar yanzu ne. In wasa ya riga ya ɗau zafi da kansa, sai in haɗiye saƙon, don in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take. Idanuna suna kan gefe, ba tsakiya ba. In na hango wata zaune ita kaɗai, sai in raɗa mata, "Gwaggo, an ce ana nemanki a ruga."

Duk hukuncin da dagaci ya yanke, ya zauna. Mun yi wasan nan sau da dama. An taɓa sayar wa dillali, an taɓa korar sa, an taɓa tuɓe Sarkin Noma, an kuma taɓa yafe masa bayan Magajiya ta miƙe ta ce dami ukun nan a lissafa su cikin rabon marayu. Ban rubuta ko ɗaya daga ciki ba.

Mataki na takwas: cire riga

Wanda ya taɓa naɗa rawani ɗan Kura ya san shuni yana kama goshi, ko an kwance sai an wanke. Rigar wasa ma haka take. Fushin da aka yi a ciki yakan biyo mutum gida, kamar yadda damuwar gida kan biyo shi cikin wasa. Wata mai tsara wasanni 'yar Amurka, Emily Care Boss, ita ta yaɗa sunan da ake kiran wannan da shi a 2007, wato bleed, kalmar da ke nufin tsiyayar jini ko zubar rini. Ni kamun shuni nake ce masa. Ba aibu ba ne, shi ne ma dalilin da wasan ke koyar da abin da wa'azin baki bai cika koyarwa ba. Amma ba a sallami mutane da shuni a goshi.

Don haka a buga galma tun da sauran rabin awa kafin magariba. Kowa ya cire abin da ya saka ya ajiye a tsakiya, ya faɗi sunansa na gaskiya. A zauna a da'ira, a zagaya da gyaɗa da zoɓo. Zagaye na farko kowa ya faɗi yadda yake ji yanzu, a taƙaice, ba mai katse shi. Na biyu, kowa ya faɗi abu ɗaya da wani ya yi wanda ya burge shi. Na uku a tona sauran sirrika, a nan ake shan dariya. A riƙa cewa "dillali ya cuce ni", kada a ce "ka cuce ni". Waɗanda suka yi rigima a ciki su gaisa kafin a tashi. Washegari kuma mai tsarawa ya leƙa duk wanda ya ga jikinsa ya yi sanyi.

Mataki na tara: daga wasa ɗaya zuwa jama'a

Ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Bayan kowane wasa a rubuta wa ya zo, wace riga ta yi aiki, wace ta mutu, me za a gyara. Taron Knutepunkt kusan duk shekara da littafinsa yake fitowa, shi ya sa abin da aka gano a wani gari ba ya ɓata. Ku yi karo-karo na gyaɗa da takarda, kada ku jira wata ƙungiya ta kawo kuɗi. Hoto da bidiyo sai da yardar kowa da ta iyayensa, kuma ni ina ganin a ajiye wayoyi a kwando har a tashi, don da an ɗaga waya 'yan wasa sun sami ɗan kallo, sai su fara yi don ido.

Malaman makaranta su sani akwai inda aka kai da wannan. A garin Hobro na Denmak akwai makarantar kwana, Østerskov, da aka buɗe a 2006, wadda da irin wannan wasa take koyar da darussanta. A 2012 matasan Falasɗinu tare da baƙi daga arewacin Turai suka yi nasu a Birzeit, kuma abin da suka gina wasan a kai shi ne bikin aure. Mu ma muna da kasuwar shanu irin ta Maigatari ta ranar Alhamis, da dillalai da 'yan kamasho da masu canjin kuɗi, muna da rabon ruwa a fadama, muna da ayarin fatake. Kowane ɗaya wasa ne da ke jiran mai rubuta shi.

Wasa na uku kada ka rubuta shi da kanka. Ka zaɓi biyu daga cikin 'yan wasan, ka zauna da su su zana da'irarsu a ƙasa, kai kuma ka karɓi kati kamar kowa. Namu na gaba yarinyar da ta fara zama Magajiya ce ke rubuta shi tare da ƙawarta, a kan rabon kayan ɗakin amarya tsakanin dangin uwa da na uba. Ta riga ta kai wa liman takardun, ta kuma ce a nemo mata tsofaffin kwanonin samira guda goma sha biyu kafin Asabar.